Bututun da Aka Mayar wa Sundeok

Tun ranar da aka shigar da Bu Sundeok ɗakin tiyata, Hyeon Bokrye take jin akwai abin da ake ɓoye mata. Ba wanda ya yi mata ƙarya ƙiri-ƙiri. Magana ce kawai take yankewa duk lokacin da ta iso. Za ta hawo bene ta hango Taeung, ɗan Sundeok, da matarsa Migyeong sun haɗa kai suna ƙus-ƙus a bakin ɗakin masu jinya mai tsanani, da sun gan ta sai Taeung ya miƙe yana wani murmushi na dole.

"Samchun, kin sake zuwa?" Haka yake kiranta tun yana yawo ba wando, kamar yadda kowane yaro a ƙauyensu yake kiran sa'ar uwarsa. "Ai da kin huta yau. Motar nan tana wahalar da ke."

"Motar ce ta kawo maka ƙarata? Yaya uwarka?"

"Da sauƙi."

"Jiya ma da sauƙi ka ce."

Bokrye da Sundeok tare suka fara nutso a teku tun suna 'yan mata, a wani ƙauye na gabashin tsibirin Jeju. Mace ba ta shiga ruwa ita kaɗai, sai da abokiyar da za ta sa mata ido, kuma Bokrye ba ta taɓa yin wata abokiya ba sai Sundeok. Sundeok ce babba, ita ce kuma mai dogon numfashi. Sai ta nutse har Bokrye ta fara leƙen ƙasa da damuwa, sannan ta ɓullo da katantanwar teku mai faɗin tafin hannu, ta saki fiton nan da masu nutso suke yi idan sun fito shan iska. A cikin mata talatin Bokrye tana iya gane nata.

Sanyin da ya wuce na bara waccan ne ciwon huhu ya kwantar da Sundeok, har aka zura mata bututu a maƙogwaro aka haɗa ta da injin numfashi na tsawon lokaci. Ta warke, amma numfashinta bai dawo ba. Hawa ɗan tudun gidanta ma sai ta tsaya tana haki. Likitoci suka ce bututun ne ya bar tabo, tabon ya matse hanyar iska. Maganinsa a yanke wurin da ya matse, a jawo bakin sama da na ƙasa a ɗinke su.

Ranar da aka fara barin Bokrye ta shiga, ta nufi gadon kai tsaye. Sundeok tana kwance, an tara mata matasai a bayan kai, haɓarta a sunkuye, kuma da wani zare mai kauri an ɗinke fatar haɓar da fatar ƙirjinta. Ga bututu a bakinta, an manne shi da filasta.

"Wane ne ya yi mata wannan?"

Likita Chae ce ta amsa, wata siririyar mace mai gajeren gashi, wadda ta yi aikin. Ta ce da gangan aka yi, don kada ta ɗaga kai cikin barci ta ja ɗinkin ciki ya ɓalle. Za a yanke zaren idan wurin ya kama.

"To bututun fa? Taeung ya ce tun a ɗakin tiyata za a cire shi."

"Haka muka so. Maƙogwaron ya kumbura fiye da yadda muka zata, shi ya sa muka bar shi tukuna."

"Bututu ne ya jawo mata ciwon, yanzu kuma bututu ne magani?"

Likitar ta dubi Taeung kafin ta ce, "Ba zai daɗe ba wannan karon." Wannan duban ne Bokrye ta tafi da shi gida. Me ya sa sai ta dubi Taeung?

Washegari ta shiga ɗakin da matan ƙungiyarsu suke sauya kaya a bakin teku, sai ta ga ƙusar da Sundeok take rataye kayan nutsonta ba komai a kanta. Babu gorar da take dafawa ta huta a saman ruwa, babu ragar, babu rigar roba. Ta tambayi shugabar ƙungiya.

"Ɗanta ne ya zo ya kwashe."

"Yaushe?"

"Kafin a kai ta asibiti. Na ɗauka kin sani."

Bokrye ta zauna a kan benci, rigarta ta roba a rabin jiki. Kafin a kai ta asibiti. Wato tun ba a taɓa matar da wuƙa ba an riga an yanke cewa ba za ta koma ruwa ba. Kowa ya san Taeung ya daɗe yana so uwarsa ta bar nutso ta koma wurinsu a birni, a hawa na sama, ta zauna tana kallon talabijin. Migyeong ma ta sha faɗa a gaban mutane cewa kunya suke ji, a ce uwar ma'aikacin banki tana wanke hanjin kifi a bakin hanya. Filin lemon Sundeok kuwa yana kusa da sabon titi, masu gina gidajen baƙi suna ta zagaya shi. Bokrye ba ta ce yaron zai cuci uwarsa ba. Amma magana ɗaya a kunnen likita ta isa: ki gaya mata ba za ta iya ba.

Ranar da aka cire bututun, da safe aka cire, Taeung ya kira ta ya sanar da ita. Ta dafa kunun shinkafa da katantanwar da ta ciro da hannunta, ta zuba a filas, ta kama motar birni don ta riski lokacin ziyara na tsakar rana. A bakin ƙofa Migyeong ta tare ta.

"Samchun, ba za ta ci komai ba fa. Ko ruwa an hana."

"Na ji. Ba ni na haife ki ba, amma na girmi uwarki, ba sai kin maimaita ba."

Ta cusa filas ɗin cikin jaka, ta wanke hannu, ta sa rigar da ake ba masu ziyara. Mutum biyu ake bari, ita da Taeung suka shiga. Sundeok tana zaune a jingine, haɓa a ƙirji, an sa mata abin shaƙar iska a hanci da baki. Ta ɗago ido ta ga Bokrye, idon ya yi dariya. Bakin nan da babu bututu sai ya zama ƙarami, kamar na yarinya.

"Yaya, kin ganki kuwa? Kamar wadda take neman allura a cinyarta."

Sundeok ta ɗaga hannu ta yi mata daƙuwa. Wayar Taeung ta yi ƙara, ya fita amsawa. Leɓen Sundeok ya bushe ya tsattsage, tana lasarsa. Nas ta nuna wa Bokrye yadda za ta jiƙa auduga ta goga mata a leɓe kawai, ta gyara abin shaƙar, sannan ta juya ga gadon da ke kusa.

Bokrye tana ba ta labarin ƙauye, wadda ta yi faɗa da mijinta da wadda igiyar ruwa ta yaga wa raga, sai ta ji sautin. Siriri ne, mai tsini, yana fitowa daga maƙogwaron Sundeok. Fito. Shekara biyu rabonta da jin sa. Farin ciki ya cika ta har ta tafa hannu.

"Yauwa, Yaya! Haka nake son ji! Ƙara!"

Nas ta juyo da sauri kamar an tsikare ta. Ta dubi Sundeok, ta dubi allon da ke saman gado, ta danna wani maɓalli a bango. Nan take mutane suka cika wurin. Aka canza abin shaƙar da wani mai fitar da hayaƙi fari, aka yi allura a cikin robar ƙarin ruwa. Fiton bai tsaya ba, ƙaruwa ya yi. Sundeok ta damƙe zanen gado, ramin da ke saman ƙashin wuyanta yana lotsawa ciki, gumi ya tsatso mata a goshi. Tana ƙoƙarin ɗaga kai, zaren yana jan fatar haɓarta, wani ma'aikaci ya riƙe mata kan da hannu biyu.

Likita Chae ta shigo da gudu-gudu. Ta saurari wuyan, ta dubi allo, ta ce, "Hanyar tana rufewa. Za mu mayar da bututu. A kawo ƙarami, da madubin zurawa."

"A'a!" Bokrye ta kama ƙarfen gadon da hannu biyu. "Ba za ku mayar ba! Numfashi take yi! Haka muke yi idan mun fito daga ruwa, ku tambayi kowa!"

"Baba, ki matsa," in ji Likita Chae.

"Kun ga ta fara samun kanta shi ne za ku sake toshe ta? Wa ya sa ku?"

Hannun da ya shekara hamsin yana ɓamɓare katantanwa daga dutse ba ya sakuwa da sauƙi. Nas biyu suka kasa. Sai da Taeung ya shigo ya rungume ta ta baya ya ɗaga ta cak, tana dukan hannunsa, ya fitar da ita. Kafin ƙofa ta rufe ta hango likitar ta sunkuya da wata siririyar igiya baƙa mai haske a baki, tana zura ta a hankali, ba tare da an ɗaga kan Sundeok ba. Leɓen da Bokrye ta gama jiƙawa ya koma launin toka.

A wurin jira ba wanda ya zauna. Jakar Bokrye ta faɗi lokacin kokawar, filas ya gangaro. Migyeong ce ta ɗauke shi. Ta riƙe shi tana kallon Bokrye.

"Me kika ba ta?"

"Me kika ce?"

"Lafiyarta ƙalau tun safe. Kina shiga, Taeung yana fita, sai ga wannan. Samchun, don girman iyayenki ki faɗa, likita tana bukatar ta sani. Kin ba ta kunun nan?"

Bokrye ta fizge filas ɗin ta buɗe, tururi ya tashi. "Duba! Cike yake!"

"Cokali ɗaya ba ya nunawa."

Bokrye ta ji kamar an mare ta. Ta dubi Taeung tana jira ya tsawatar wa matarsa. Bai tsawatar ba, filas ɗin yake kallo shi ma.

"To, tunda tambaya ake yi, ni ma ina da tawa," in ji Bokrye. "Ina gorar uwarka? Ina ragarta? Wa ya ce maka ta gama da teku tun kafin a yi aikin? Me kuka ƙulla da likitar nan?"

Fuskar Taeung ta yi ja. Ya buɗe baki, Migyeong ta taɓa masa hannu, ya rufe. Can ya ce, "Idan ta farfaɗo ki tambaye ta."

"Idan kun bar ta ta farfaɗo."

Da Likita Chae ta fito, hular aikinta ta jiƙe da gumi. Ta ce bututu ya shiga, iska ta koma daidai, an sa Sundeok barci. Ta leƙa ciki da madubi: ɗinkin bai motsa ba, kuma babu abinci ko ruwa a hanyar iska. Kumburi ne a saman, wurin da murya take fitowa, ya taso bayan an cire bututun. Sannan ɓangare ɗaya na wurin muryar ba ya motsi yadda ya kamata, wataƙila jijiyarsa ta bugu lokacin aiki.

"Da safe mun gwada, iska tana wucewa ta gefen bututun, na ɗauka kumburin ya sauka. Ashe da saura. Ni na yanke shawarar cirewa."

Taeung ya sunkuya yana godiya. Migyeong ta ajiye filas ɗin a kan kujera kusa da Bokrye. Ita kuwa Bokrye likitar take kallo. A saninta, wanda ya yi saurin amsa ƙaramin laifi, akwai babba a bayansa. Jijiya ta bugu. Da me ta bugu, idan ba da wuƙa ba?

Daga ranar aka ce dangi na jini kaɗai za su riƙa shiga. Taeung ya ce dokar asibiti ce. Bokrye ta san dokar daga bakin wa ta fito.

Ta koma ruwa, don teku ta lafa kuma zaman gida yana neman haukata ta. Aka haɗa ta da wata mai suna Yang Malsun, mai surutu, wadda ba ta iya zurfi. Bokrye ta nutsa, ta bi gefen dutse, ta ga katantanwa ta zura ƙarfe ta ɓamɓaro ta, ƙirjinta ya fara zafi, ta harba ƙafa ta taso. Ta dafa gorarta ta saki fito. Sai ta tsaya cak a kan ruwan.

Waje take hura iskar. Fiton masu nutso a fitar da numfashi ake yin sa, kowa ya sani, ba wanda yake tsayawa ya yi tunaninsa. Na Sundeok a asibiti kuwa, duk lokacin da ya yi ƙara, ramin wuyanta ciki yake lotsawa. Jan iska take yi tana kasa samu. Ita kuma Bokrye tana tsaye a kanta tana tafi tana cewa ta ƙara, daga baya ta riƙe gado ta hana a taɓa ta.

"Ke, lafiya?" Malsun ta ƙwala mata kira daga nesa. "Ko kin ga mijinki ne a ƙasa?"

"Ki kula da ragarki," in ji Bokrye. Ba ta sake nutsawa da kyau ba ranar.

Wannan bai wanke Taeung a wurinta ba. Gora dai an ɗauke, kallon da likita ta yi masa kuma da idonta ta gani.

Karo na biyu a ɗakin tiyata aka cire bututun, bayan kumburin ya sauka sosai, da komai a shirye ko da za a sake mayarwa. Ba a mayar ba. Da aka dawo da Sundeok ɗakin jinya na kowa da kowa, aka kuma yanke zaren haɓarta, ita da kanta ta sa aka kira Bokrye.

Ta same ta a zaune kusa da taga, ta rame, wuyanta a naɗe, har yanzu kanta a ɗan sunkuye don an hana ta ɗagawa sosai. Ta yi wa Taeung da matarsa alama da hannu su fita. Muryarta da ta fito kamar ana jan buhu a kan yashi, sai da Bokrye ta matso da kunne.

"An ce kin yi dambe da nas-nas."

"Su suka fara."

"An ce kin ce ɗana ya haɗa baki da likita."

"Ina gorarki, Yaya?"

Sundeok ta huta, ta haɗiyi yawu da ƙyar. "Ni na aike shi. Tun kafin aikin likita ta gaya mini. Ko an yi nasara, zan hau tudu, zan yi shara, zan yi noma. Nutso kuwa babu. Na ce kada wanda ya gaya miki."

Bokrye ta ja da baya a kan kujera. "Ni? Ni kika ce a ɓoye wa?"

"Ke. Da kin sani, da kin zo kin kwanta a ƙofar asibiti kin hana a yi. Ko ki rataye taki gorar ki ce kin bari ke ma, ki zauna kina kallona, mu mutu da baƙin ciki mu biyu."

"Shi ne kika bar ni ina zagin yaron nan a gaban matarsa? Kika bar ni ina ta tunanin filin lemonki?"

"Filin lemona?" Sundeok ta fara dariya, tari ya sarƙe ta, Bokrye ta miƙe a tsorace tana neman maɓallin bango. Sundeok ta riƙe mata riga har tarin ya lafa. "Zauna. Wanda ya taɓa filin nan sai na tashi daga kabari."

Bokrye ta zauna. Fushi take ji, amma ta rasa inda za ta sauke shi, don matar da ke gabanta ko ihu ba za ta iya mayar mata ba. Ta ɗauki lemo a kan tebur ta ɓare shi da ƙarfi, ta tuna ba a yarda Sundeok ta ci irinsa ba tukuna, ta cinye abinta.

"Muryar nan fa? Haka za ta zauna?"

"Sun ce wataƙila ta dawo."

"Wuƙarta ce ta taɓa jijiyar. Ba za ta faɗa ba ne kawai."

"Wataƙila," in ji Sundeok. "Ban gani ba, barci nake yi. Da wa aka haɗa ki?"

"Malsun."

"Kash. Ki riƙa duba ta. Ita ba za ta duba ki ba."

Da Bokrye ta fito, Taeung yana tsaye a jikin bango. Ta tsaya a gabansa, ta gyara masa wuyan riga da ya lanƙwashe, ta ce ya rame, ya riƙa cin abinci. Ya ce to, Samchun. Migyeong ta ce za ta kai ta tasha a mota, Bokrye ta ce ƙafafunta ba su mutu ba, amma ta shiga motar.

Sundeok ba ta koma birni ba. Da bazara ta dawo ƙauye, ta karɓi rumfar ƙungiya inda ake yanka wa baƙi abin da aka ciro daga teku. Muryar ta dawo rabi, mai kauri, ba ta kai wa nesa, don haka idan tana son kiran wani sai ta buga cokali a jikin kwano. Duk wanda ya tambayi Bokrye abin da ya sami muryar, sai ta rage sauti ta ce akwai abin da likitar nan ta yi wanda ba ta faɗa ba. Da lokacin komawa asibiti ya zo don a sake leƙa maƙogwaron, ita ta raka Sundeok. Ta zauna a kusurwar ɗakin da jaka a cinya, tana bin hannun Likita Chae da ido tun daga farko har aka gama.